Dala 840,000 da sherif ta sauya wa akwati: rigimar Gundumar Alachua

Akwai wata shari'a da aka yi a jihar Fulorida ta Amurka da na daɗe ina juya ta a raina, saboda ta taɓo tambayar da ni dai nake ganin ita ce gishirin mulki, wato waye yake da ta-cewa a kan kuɗin jama'a bayan an riga an ware su. Ba shari'ar sata ba ce fa, wannan in faɗa tun da wuri, babu kotun da ta ce wani ya ci ko sisi. Rigima ce tsakanin zaɓaɓɓu da zaɓaɓɓiya, kwamishinonin Gundumar Alachua su biyar a gefe guda, sherif ɗin gundumar, Sadie Darnell, a ɗaya gefen, kuma abin da ya haɗa su kuɗi ne wajen dala 840,000 da ofishin sherif ya kwashe daga wasu layuka na bajet ɗinsa ya mayar wasu layukan a shekarar kuɗi ta 2016, ba tare da ya koma ya ce wa kwamishinoni ko uffan ba.

Bari in ɗan warware sunayen nan biyu don kada su rikita mutum. Mu in an ce kwamishina hankalinmu yakan tafi kan wanda gwamna ya naɗa, to a can zaɓarsu ake yi, sun fi kama da kansiloli amma masu haƙori, su suke yanka harajin gidaje da filaye, su suke amincewa da bajet ɗin gunduma baki ɗaya. Shi kuma sherif ba irin DPO ba ne da za a turo daga hedikwata a kuma ɗauke shi da takarda ɗaya. Tsarin mulkin jihar ne da kansa ya ambaci kujerarsa, mutanen gunduma suke jefa masa ƙuri'a duk shekara huɗu, kwamishinoni ba su suka ɗauke shi aiki ba kuma ba su isa su kore shi ba, ko albashinsa ma dokar jiha ce take yankewa bisa yawan jama'ar gunduma. A Alachua, inda birnin Gainesville da Jami'ar Fulorida suke, mutane sun kai wajen 278,000 a ƙidayar 2020, kuma sherif ke da sintiri a wajen birane, shi ke riƙe da gidan yari, shi ke tsaron kotuna. Darnell ta hau a 2006, mace ta farko da ta riƙe kujerar a gundumar, bayan ta yi shekaru masu yawa tana aikin ɗan sanda a Gainesville. Ba baƙuwa ba ce a harkar ko kaɗan.

Sai dai duk girman kujerar nan, sherif ba shi da ikon yanka haraji, dole ya je wurin kwamishinoni ya miƙa ƙoƙon bara, su kuma ga kuɗi a hannunsu amma ba su da ikon gaya masa yadda zai yi aikinsa. Tun daga nan ka san za a rina.

Yadda dokar ta tsara, sashe na 30.49 na kundin dokokin jihar, shi ne sherif ya kawo bajet ɗinsa zuwa 1 ga Yuni, domin shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba. Kuma ba dunƙule ake kawo shi ba. Ka ɗauka gida ne mai ɗaki uku: ɗakin aikin tsaro na yau da kullum, ɗakin gidan yari, ɗakin hidimar kotu. A cikin kowane ɗaki akwai akwatuna har shida, amma waɗanda suka fi nauyi uku ne, akwatin ma'aikata wato albashi da fansho da inshorar lafiya, akwatin kuɗin gudanarwa irin su mai da wuta da gyaran mota, da akwatin manyan kayayyaki irin su sababbin motoci da na'urori. In ka buɗe akwati kuma sai ka tarar da ƙananan ƙulli-ƙulli, wannan na obataim, wancan na yunifom, wancan na taya. Dokar ta ce kwamishinoni suna iya ƙarawa ko ragewa a matakin akwati, amma hannunsu ba ya kaiwa kan ƙulli. Sannan ga wani abu da nake so a riƙe don zan dawo kansa: tare da bajet ɗin sherif yana haɗo takardar rantsuwa, cewa kuɗin nan da ya nema daidai suke kuma ana bukatarsu domin aikin ofis ya tafi yadda ya kamata.

Ta ɓangaren ma'aikata kam babu wata jayayya, sherif ne mai wuƙa da nama. Sashe na 30.53 ya ce a kiyaye 'yancinsa wajen sayen kayan aiki, da zaɓen ma'aikata, da ɗauka da kora da yanka musu albashi. Kwamishina ba zai iya cewa a ɗauki ɗan wane ba, ba zai iya cewa a rage masu sintiri a ƙauye kaza a ƙara a unguwa kaza ba. Kotun Ƙolin jihar ta daɗe da tabbatar da haka tun 1975 a shari'ar Weitzenfeld da Dierks, wadda ta taso daga Gundumar Manatee a kan kuɗin shirin jirgi mai saukar ungulu na ofishin sherif. Abin da kotu ta nuna a lokacin shi ne hukumar gunduma tana iya rage jimlar kuɗi a manyan rukunan bajet, amma ba za ta zura hannu cikin ofishin ta ce wannan shirin a yi wancan a bari ba, wannan hurumin sherif ne. Shekara arba'in da wani abu sherif-sherif na jihar suna jingine da wannan hukunci, wasu har suka fahimce shi da cewa da zarar kuɗi sun shigo hannu to shi ke nan, gida nasu ne, su shirya kayan ɗaki yadda suka so.

To ta yaya ma ake samun rarar da za a sauya wa akwati? Wannan duk wanda ya taɓa zama a ofishin akanta na ma'aikata ya san shi. A ce an amince maka da albashin jami'ai ashirin a gidan yari, amma aikin gidan yari aiki ne da mutane ke gudu, wasu suka ajiye a Janairu, wasu a Maris, kafin ka yi talla ka tantance ka tura horo wata shida sun wuce, kujerun suna nan babu kowa, albashinsu kuwa yana taruwa a akwati. Sai ga Satumba ta kunno kai, kuma doka ta ce abin da bai kashe ba a ƙarshen shekara sherif ya mayar wa gunduma. Ga motocin sintiri sun tsufa, ga rediyoyi suna ba da matsala, ga kuɗi a ajiye da kwana kaɗan suka rage a mayar da su. Wallahi ba sai mutum yana da mugun nufi ba zai ji zuciyarsa na ce masa ai gara a sayi motocin. Misali ne na bayar don a ga yadda abin yake faruwa, amma irin wannan tsallaken ne, daga akwati zuwa akwati, aka kai gaban alƙali.

Hujjar Darnell a taƙaice ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni jama'a suka zaɓa in tsare su, ban wuce jimlar da aka ba ni ba, doka ta ba ni 'yanci wajen sayayya da ma'aikata, don me zan riƙa zuwa ina neman izini wurin mutanen da ba su taɓa kwana a motar sintiri ba? Wannan ma'anar matsayinta ke nan, ba kalmominta nake kawowa ba. Su kuma kwamishinoni suka ce in haka ne to me muke yi a watan Satumba, in za mu zauna mu amince da kaza a akwatin albashi kaza a akwatin motoci, washegari a juya su yadda aka ga dama, ai lambobin da muka sa wa hannu sun zama ado. Gunduma ta kai ƙara tana neman kotu ta fayyace dokar, kotun farko ta ba sherif gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta ɗaya da ke Talahasi ita ma ta ba sherif gaskiya, har aka fara ganin kamar magana ta mutu.

Ana cikin haka siyasa ta yi nata aikin. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a Agustan 2020 Clovis Watson Jr., tsohon ɗan majalisar dokokin jihar, ya kayar da Darnell, ya karɓi ofis a Janairun 2021, shi ya sa shari'ar da ta faro da sunanta ta ƙare da sunan Gundumar Alachua da Watson. Ya gaji kujera ya gaji ƙara.

Ranar 27 ga Janairun 2022 Kotun Ƙolin Fulorida ta yanke hukunci, baki ɗaya alƙalan, Mai shari'a John Couriel ne ya rubuta, kuma ta rushe hukuncin kotun ƙasa ta ba gunduma gaskiya. Sherif ba shi da ikon sauya kuɗi daga akwati zuwa akwati shi kaɗai, sai ya bi hanyar gyaran bajet da babi na 129 na kundin dokokin jihar ya shimfiɗa wa duk kuɗin gunduma. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka karanta wani ƙaramin sakin layi da ke cikin sashe na 30.49 ɗin kansa, wanda ya ce kuɗin da aka ware wa sherif suna ƙarƙashin dokokin da suka hau kan sauran bajet ɗin gunduma, sai dai ba za a yi musu gyara ba sai in sherif ne ya nema. Ka duba hikimar da ke ciki. Kwamishinoni ba za su iya farkawa a tsakiyar shekara su ƙwace masa kuɗi don ya ɓata musu rai ba, saboda sai shi ya nema. Shi kuma ba zai iya juyawa shi kaɗai ba, saboda nema ake cewa, kuma wanda yake nema ai akwai wanda yake nema a wurinsa. Akwati ne mai makulli biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a hannunsu. Ƙananan ƙullin da ke ciki kuwa an bar masa, ya kwance na taya ya ƙara a na mai, babu ruwan kowa. Kuma ɗauka da kora da albashi suna nan a hannunsa kamar yadda suke.

Ni a ganina wannan hukunci ya zauna daram, kuma bai ƙwace wa sherif komai da doka ta taɓa ba shi ba.

Amma bai yi tsawon rai ba. Majalisar dokokin jihar tana zama a lokacin, kuma sherif-sherif na Fulorida, gundumomi 67 ne a jihar, ba mutanen da ɗan majalisa yake son ya ɓata da su ba ne. Akwai wani ƙuduri da ake kira HB 3, wanda asalinsa na jawo mutane ne su shiga aikin ɗan sanda, har da garaɓasar dala 5,000 ga sababbin shiga, irin ƙudurin da babu ɗan siyasar da zai so a ce ya ƙi. A cikinsa aka sa sakin layi guda, wanda ya zama ƙaramin sashe na 12 a 30.49, yana cewa duk da abin da wata doka ta tanada, domin kiyaye 'yancin sherif, yana iya sauya kuɗi tsakanin ɗakuna da akwatuna da ƙulli bayan kwamishinoni sun amince da bajet ɗinsa. Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu ranar 1 ga Afrilun 2022, dokar ta fara aiki 1 ga Yuli. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan tsakanin hukunci da sa hannu. Kuma ka lura, abin da aka bayar ya ma wuce abin da aka yi shari'a a kansa, domin rigimar Alachua a kan akwati da akwati ce, sabuwar dokar kuwa har daga ɗaki zuwa ɗaki ta halatta, kuɗin da aka ware wa gidan yari ana iya kai su sintiri.

Majalisa tana da hurumin yin haka, ba na musu, kotu fassara doka ta yi, masu doka suka sauya ta. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda aka bari da ɗaukar zafin. A watan Agusta duk mai gida a Fulorida yakan sami takarda ta gidan waya, an rubuta masa ƙimar gidansa, da harajin da ake shirin ɗora masa, da rana da wurin da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Zama biyu ake yi, kuma doka ta ce in ranar aiki ce sai bayan ƙarfe 5 na yamma don masu aiki su samu zuwa. Ka ɗauki tsohuwa mai zaman fansho, ta riƙo takardar nan ta zo ta tsaya gaban makirfo tana tambayar me ya sa harajina ya hau. Kwamishina ne zai kalle ta ya amsa, ba sherif ba. In ya ce mata mun ƙara ne saboda albashin masu gadin gidan yari ya yi ƙasa suna ta guduwa, ta haƙura ta biya, sannan a tsakiyar shekara kuɗin suka koma motoci, wa ya yi mata ƙarya? Kwamishina bai yi ba, shi ma abin da aka kawo masa ya karanta. Sherif kuma doka ta wanke shi. Ga kuma takardar rantsuwar nan da na ce a riƙe, an rantse a Yuni cewa kuɗin nan ana bukatarsu, aka jera su akwati-akwati, to in ana iya watsa jerin a Oktoba ba tare da an gaya wa kowa ba, rantsuwar ta koma kan jimla kawai.

Na san abin da masu goyon bayan sherif za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Lokacin guguwa a Fulorida daga Yuni ne zuwa Nuwamba, ya haɗe da ƙarshen shekarar kuɗi, in guguwa ta taso jami'ai suna aiki dare da rana obataim yana ta hawa, ba lokacin jiran zaman kwamishinoni ba ne. Sannan akwai tsoro na gaske cewa kwamishinonin da ba sa shiri da sherif za su riƙe makullinsu don su gasa masa aya a hannu. Amma dokar ai ta riga ta yi tanadi, akwai sakin layin da ya ba shi damar neman ƙarin kuɗi in gaggawa ta taso, kuma in yana ganin an zalunce shi a bajet yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban gwamna da 'yan majalisar zartarwar jihar, su kuma suna iya umartar gunduma ta ƙara masa. Kwamishinoni ba su da irin wannan ƙofar. Da ma an so gyara ne, ai sai a ce ya sauya a lokacin gaggawa ya kawo rahoto cikin kwana kaza, ko a sa iyaka, abin da bai kai kaza ba ya yi da kansa, abin da ya wuce ya nemi izini. Ba a yi ko ɗaya ba, makulli na biyun aka cire ɗungurungum.

A maƙwabciyarsu Jojiya ma an sha irin wannan ja-in-ja. A 1992, a shari'ar Chaffin da Calhoun, kwamishinonin Gundumar Henry sun kafa 'yan sandan gunduma suka zabtare kusan rabin bajet ɗin sherif, kotun ƙolin jihar ta ce suna da ikon ragewa matuƙar sun bar masa abin da zai iya sauke nauyin da doka ta ɗora masa, amma ba su da ikon gaya masa yadda zai kashe abin da suka ba shi. Fulorida yanzu ta koma kusa da can, kuma wannan shari'ar ta nuna irin makamin da yake saura a hannun kwamishina in an ƙwace masa makullin akwati: gatari. Tunda ba zai iya cewa wannan kuɗin na albashi ne su tsaya a albashi ba, abin da ya rage masa shi ne ya sare jimlar, kuma wanda zai fara jin saran ba sherif ba ne, ƙaramin jami'in da yake jiran ƙarin albashi ne da fursunan da yake jiran nas ta zo duba shi.

Watson bai ƙarasa wa'adinsa ba, ya sauka a 2023 saboda rashin lafiya, gwamna ya naɗa Emery Gainey ya riƙe, sannan Chad Scott ya ci zaɓen 2024. Har yau duk shekara ofishin yana kawo bajet ɗaki-ɗaki akwati-akwati, kwamishinoni biyar suna zama su yi muhawara a kan lambobin su kaɗa ƙuri'a a Satumba. In suna son su tabbatar kuɗin da suka ƙara don albashi sun isa hannun jami'an, sai dai su roƙi sherif ya yi musu alƙawari a bainar jama'a, su jira ƙarshen shekara su duba littafin.